Shin hukuma na da ikon tsara wa mutum siffar gidansa?

Tambaya: Na sayi fili a cikin gari, na biya kuɗina, takardu suna hannuna. Da na kai zanen gini wurin hukumar tsara birane sai aka dawo min da shi. Wai ginin ya matso titi da yawa, hawa na uku ya wuce ƙa'ida, sannan launin da na zaɓa da irin rufin ba su dace da unguwar ba. Biyun farko na ɗan gane. Amma launi da rufi fa? Ina ruwan hukuma da kyau ko munin gidana, kuma me ya kamata in yi yanzu?

Amsa: Malam, a mafi yawan ƙasashe hukuma na da wannan iko. Takardar mallaka ta tabbatar maka da filin, amma abin da za ka ɗora a kansa yana da nasa izinin daban. Sai dai abubuwa ukun da aka ce maka ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na tazara da na tsayi tsayayyu ne, da wuya su motsa. Na launi da rufi kuwa ya danganta da yadda aka rubuta dokar, kuma a nan ne kake da bakin magana.

Fara da sanin cewa dokoki huɗu ne ke hawa kan fuloti ɗaya. Akwai dokar rarraba gari yanki-yanki, wadda ke zuwa da taswira: nan gidajen zama, nan kasuwanci, can masana'antu, kowane yanki da iyakar tsayi da faɗin da aka yarda a gina. Akwai dokar ingancin gini, mai kula da tushe, rodi, kankare, wayar lantarki da hanyar fita idan gobara ta tashi. Wannan ba ruwanta da kyau. Akwai dokar siffa, mai kula da launi, rufi da kamannin gini ta waje, wadda galibi ba ta rufe gari duka, sai wasu unguwanni: tsohon gari, bakin manyan tituna, kewayen gine-ginen tarihi. Ta huɗu ba ta hukuma ba ce, sharuɗɗa ne da wanda ya yanka filayen ya rubuta cikin takardar sayarwa, suna bin filin duk hannun da ya shiga. Birnin Houston na Amurka ya shahara da rashin dokar rarraba yankuna, har sau uku masu zaɓe suka ƙi ta, a 1948 da 1962 da 1993, amma duk da haka unguwanni da yawa a can ɗaure suke da irin waɗannan sharuɗɗan takarda. Saboda haka abin da za ka fara nema a rubuce shi ne: wace doka, wane sashe, wace lamba aka dogara da ita wajen kowace ƙorafi.

Mu ɗauki awo tukuna, domin a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, kowane gari da nasa. A ce filinka mita 15 ne ta gaba, mita 30 zuwa baya, wato murabba'in mita 450. Doka ta ce a bar mita 6 ta gaba, mita 3 ta baya, mita ɗaya da rabi ta kowane gefe. Abin da ya rage maka shi ne 12 sau 21, murabba'in mita 252. Sai wata ƙa'idar ta ce gini kada ya rufe fiye da rabin fili, wato 225. Ka ga ƙa'ida biyu sun ba da amsa biyu, kuma wadda ta fi tsanani ake bi, 225 ke nan. Ta uku ita ce jimlar daɓen dukan hawa idan aka haɗa, a gwada da girman filin. Idan an ce ɗaya bisa ɗaya, jimlar kada ta wuce 450: ko hawa biyu masu 225 kowane, ko hawa uku masu 150. Mai zanen da ya ɗora hawa uku masu 225 ya kai 675, ya zarce da rabi, ko da tsayin ginin bai taɓa iyaka ba. Ka duba da kyau ko wannan ne ya kayar da hawanka na uku, domin in shi ne, rage faɗin kowane hawa zai iya ceton sa. In kuwa iyakar tsayi ce a mita, sai a koma kan tsayin ɗakuna da tudun rufi.

Kurakuran da ake yi a nan kusan iri ɗaya ne ko'ina. Babbansu auna tazara daga bakin kwalta. Hurumin titi ya fi kwaltar faɗi, ya haɗa da magudanar ruwa, hanyar masu tafiya a ƙasa, da wurin binne bututu da wayoyi. Daga turakun safiyo ake aunawa, inda iyakar filinka ta tsaya. Na biyu, mantawa da abin da ya leƙo: baranda, matakala ta waje, leɓen rufi. Wasu dokokin sun yafe rabin mita ko makamancin haka, wasu ba su yafe komai ba. Na uku, tsayi. Daga ina ake fara awo, ƙasar asali ko bayan an yi ciko? Zuwa ina, bakin rufi ko ƙololuwarsa? Tankin ruwa da ɗakin matakala na sama suna ciki? Amsar tana sashen ma'anar kalmomi, wanda mutane ke tsallakewa. Idan filin a kan kwana yake, yana da gaba biyu, kowanne da cikakkiyar tazararsa, kuma ba a yarda da doguwar katanga a kusurwar ba saboda direba ya hango abin da ke tafe. Wurin ajiye mota ma yana cin fili fiye da zato: mota ɗaya mita biyu da rabi sau biyar, amma idan aka haɗa da hanyar shiga da juyawa sai ta cinye murabba'in mita 25 zuwa 30.

Waɗannan ƙa'idoji sun samo asali daga cutar da maƙwabci ke yi wa maƙwabci. Hadisi ingantacce ya sanya zira'i bakwai a matsayin faɗin hanya idan an yi saɓani a kanta, kuma a ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara hukunce-hukuncen malaman Malikiyya kan tagar da ke leƙa gidan wani, hayaƙin tanderu, da ruwan indararo. A zamanin nan kuwa, misalin da aka fi kawowa shi ne New York. A 1915 aka gama ginin Equitable, kusan hawa 40, ya tashi sambal daga bakin titi ya jefa maƙwabtansa cikin inuwa. A 1916 birnin ya kafa dokar da ta ce gini in ya kai wani tsayi dole ya ja da baya, sai hasumiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na filin ba, ita ce ke iya tashi iya son ranta. Siffar tsofaffin dogayen gine-ginen birnin, masu ƙanƙancewa mataki-mataki zuwa sama, daga wannan lissafin ta fito. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio, ta tabbatar da cewa rarraba gari yanki-yanki halal ne ko da ya rage wa mai fili darajar filinsa.

To, sai maganar kyau. Da farko kotuna sun yi ɗari-ɗari da ita, suna ganin ɗanɗano ba hurumin hukuma ba ne. A hankali ra'ayi ya juya. Birnin Charleston na Amurka ya ware unguwar tarihi da kwamitin duba zane a 1931. A 1954 Kotun Ƙolin ta bayyana cewa majalisa na iya nufin gari ya zama kyakkyawa kamar yadda take nufin ya zama mai lafiya. Rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta New York mai suna Pennsylvania da aka fara a 1963 ya fusata mutanen birnin har aka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. Faransa ta yi nisa sosai: galibi aikin da za a yi cikin mita 500 daga ginin tarihi sai ya bi ta hannun jami'in gwamnati masanin zanen gine-gine, kuma a Paris wajibi ne mai gida ya gyara fuskar gininsa duk shekara goma. Bayan hasumiyar Montparnasse mai mita 210 ta tsaya a Paris a 1973, jama'a ba su ji daɗinta ba, a 1977 aka ƙayyade tsayin sababbin gine-ginen birnin a mita 37.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan iko yana da tushe shi ne, cikin gida naka ne kai kaɗai, amma fuskarsa bango ce ta titin kowa. Wanda ke gidan da ke kallon naka zai wayi gari da ita shekara hamsin, bai kuwa zaɓe ta ba. Wani lokaci ma abin ya wuce kallo. A 2013 wani dogon gini a titin Fenchurch na Landan, mai fuskar gilashi da ta lanƙwasa ciki, ya tattara hasken rana ya narkar da sassan motar da aka ajiye a ƙasa, sai da aka sa masa inuwa. Rufin ƙarfe mai ƙyalli a gangare yana kashe wa na sama ido. Doguwar katanga marar ƙofa ko taga tana mayar da titi wurin da mutum ke tsoron bi da dare.

Amma fa ikon yana da iyaka, kuma ita ce za ta yi maka amfani. Dokar siffa iri biyu ce. Akwai wadda za a iya gwadawa da tef da ido: gangaren rufi tsakanin digiri kaza da kaza, tagogi su kai kashi kaza na bangon da ke fuskantar titi, katangar gaba kada ta wuce mita kaza, launi daga cikin jerin da aka buga da lambobinsa. Garuruwan Japan da dama suna rubuta launin da lambar ma'aunin Munsell, ta yadda mai fenti zai riƙe kati ya gwada a jikin bango. Kyoto a 2007 ta rage iyakar tsayi a tsakiyar gari daga mita 45 zuwa 31, ta haramta allunan talla na saman rufi da masu ƙyaftawa. Dokar tana da tsauri, amma kowa ya san matsayinsa tun kafin ya sayi fili.

Ɗayar kuwa ita ce mai cewa gini ya “dace da unguwa”, ya zama “mai jituwa”, ya “burge”. Wa zai auna burgewa? A garin Issaquah na jihar Washington ta Amurka, wani mai fili ya kawo zanen shaguna da farin shafe da shuɗin rufin ƙarfe. Kwamiti ya ce bai yi ba. Ya sauya rufi, ya sauya launi, ya ƙara jan bulo, aka sake cewa bai yi ba, har aka ba shi shawarar ya zaga babban titin garin ya ga masu kyau da marasa kyau. A 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yanke cewa irin waɗannan kalmomi sun yi duhun da ba za a hukunta mutum da su ba, domin ba mai nema ba, ko 'yan kwamitin kansu ba su da ma'auni sai son ransu. Wannan hukuncin bai ɗaure kowace ƙasa ba, amma hujjarsa tana tafiya ko'ina. Doka mai duhu tana cin lokaci, tana cin kuɗin sake zane, kuma ita ce ƙofar da son kai da cin hanci suka fi shigowa, tunda jami'in da ba shi da ma'auni zai iya cewa e ga wannan, a'a ga wancan, ba wanda zai kama shi.

Akwai wata illar da ya kamata a faɗa. An sha amfani da waɗannan dokoki wajen korar talaka. A 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar birnin Louisville da ta raba unguwanni bisa launin fata, amma daga baya ƙa'idoji irin su mafi ƙarancin girman fili, hana gidan haya mai ɗakuna da yawa, da tilasta kayan gini masu tsada sun ci gaba da tace masu shigowa ta hanyar aljihu. Shi ya sa birnin Minneapolis ya amince a 2018 da shirin da ya buɗe unguwannin gida ɗai-ɗai ga gini mai ɗaukar iyali uku, birnin Buffalo kuma ya cire wajabcin wurin ajiye mota a 2017. A ganina hukuma ta riƙe girma, tazara, da yadda gini ke fuskantar titi da ƙarfi, ta sassauta hannu kan ado, sai a unguwar da ke da tarihin da ya cancanci karewa.

Yanzu ga abin yi. Ka nemi takardar ƙin amincewar a rubuce, da sashen doka a gaban kowace ƙorafi. Maganar baki a kan tebur, ta amincewa ce ko ta ƙi, ba ta da amfani ranar da jami'in ya canza wurin aiki. Ka karɓi taswirar yankuna da rubutun dokar, ka tabbatar da yankin da filinka ya faɗa, da ko akwai dokar siffa da aka shimfiɗa a kansa. Idan babu, kuma takardar filinka ba ta ɗauke da sharaɗin launi, to ƙorafi ta uku shawara ce kawai, kana iya tambaya cikin ladabi a nuna maka inda aka rubuta ta.

Idan akwai, ku zauna da mai zanenka ku nemi ganawa da jami'in da ke riƙe da fayil ɗin kafin a sake zana komai. Ku je da hotunan gidaje biyar ko shida na dama da hagu da na tsallaken titi, da zane ɗaya da ke nuna fuskar gidanka a jere da su, a sikeli ɗaya. Wannan zanen yana kashe gardama fiye da dogon bayani, domin nan take ake ganin ko bakin rufinka ya yi layi da na maƙwabta ko ya yi tsalle. Ku tafi da samfurin kayan a hannu: guntun kwanon rufin, katin fenti mai lamba, ɓallen dutse ko tayil ɗin da za a manna. Launin da ke kan allon kwamfuta ba shi ne ke fitowa a rana ba. Sau da yawa abin da ke damun kwamiti ƙyalli ne ko tsananin launin, sai ka ga irin launin da kake so ya wuce idan aka ɗauko marar sheƙi ko wanda ya ɗan dushe. Kafin ku tashi, ka roƙi a rubuta abin da in ka yi shi za a sa hannu.

Game da tazara da tsayi, akwai abin da ake kira neman sassauci, amma kada ka ɗora buri a kansa. Ana ba da shi ne idan filin kansa ke da matsala: siriri ne ainun, ko mai kusurwa uku, ko gangare ya cinye rabinsa, ta yadda bin ƙa'ida zai hana gina komai mai amfani. Son ƙarin ɗakunan haya ba hujja ba ce. Matsalar da mutum ya jawo da hannunsa, kamar zuba tushe kafin izini, ita ma ba a karɓarta. Galibi za a sanar da maƙwabta a saurare su, don haka gara su ji daga bakinka kafin takarda ta iso musu. Kuma kada ka kafa hujja da cewa gidan wane ya matso titi fiye da naka. Mai yiwuwa ya riga dokar zuwa. Irin wannan gini ana barin sa yadda yake, amma ba a yarda a faɗaɗa shi, kuma a dokoki da yawa in ya rushe fiye da rabi ko aka bar shi ba amfani na wani lokaci, sabon da za a yi dole ya bi ƙa'idar yau.

In an sake ƙi, akwai ɗaukaka ƙara, kuma tana da wa'adi, wani wurin 'yan makonni ne kacal daga ranar da ke kan takardar. Ita ma hukuma tana da nata wa'adin. A Ingila mako 8 ne ga ƙananan ayyuka, 13 ga manya. A Faransa wata biyu ne ga gidan mutum ɗaya, kuma a yawancin lokuta shirun hukuma bayan wa'adin ana ɗaukarsa amincewa. Ka binciki yadda abin yake a inda kake, kada ka ɗauka shiru izini ne sai ka gan shi a doka.

Abin da nake roƙonka da shi shi ne kada ka fara gini kana jiran takarda ta biyo baya. Mutane na cewa in gini ya tashi ba mai rushe shi. Ana rushewa, kuma asarar a wuyan mai shi take, ba diyya. Akasin haka ma na faruwa: a 2015 aka rushe wani tsohon gini mai suna Carlton Tavern a Landan ba da izini ba, ƙaramar hukumar Westminster ta tilasta a sake gina shi kamar yadda yake, sai a 2021 aka buɗe. Ko da ba a taɓa ginin ba, rashin izini yana fitowa ranar sayarwa ko neman rance, lokacin da lauyan mai saye ya nemi takardar.

Bayan izini ya fito ma da sauran aiki. Yana da ranar ƙarewa, shekara uku a Ingila da Faransa in ba a fara aiki ba. Karanta sharuɗɗan da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya, domin wasu sai an cika su kafin a haƙa tushe. Ka sa safiyo ya kafa layin ginin da turaku, a sake aunawa daga iyaka kafin a zuba kankare, tunda kuskuren santimita 40 a tushe ba ya gyaruwa sai da guduma. Kwafin zanen mai hatimi ya zauna a wurin aiki. Duk canjin da ya shafi waje, ko ƙara taga ta gefen maƙwabci, ko sauya kwanon rufi saboda wanda aka amince da shi ya yanke a kasuwa, a koma a nemi gyaran izini tukuna. Kafin a yi fentin gaba ɗaya, a shafa murabba'in mita ɗaya a bangon da ke kallon titi, a bar shi ya bushe kwana biyu, a kira jami'in ya gani da safe ko da yamma, ya sa hannu a kan lambar launin.